Tarihin Kaskon Kaji a Ƙasar Gobir

A yau filin namu zai leƙa bayan ɗaki ne, can gindin rumbu, inda kowace ɗayanmu ta ajiye abin da take zuba wa kajinta ruwa da tsaki. Ta wata kasko ne, ta wata gindin jarka, ta wata kuma tsohon kwano da ya huje aka liƙe shi. Na san wata za ta yi dariya ta ce, yau kuma kaskon kaji ne ya samu shiga rediyo? To ki ɗan saurara tukuna ki ji abin da ya kawo maganar.

Kwanakin baya na zauna da wata baiwar Allah a cikin garin Sabon Birni, wadda tashin hankali ya koro daga ƙauyensu. Ta ce mini, "Ɗiyata, shanun maigida sunka tafi, awakina sunka tafi. Kaza ukku da zakara guda na ƙumsa cikin kwando, da su kaɗai munka iso gari." Na ce to Alhamdu lillahi, ai iri ya tsira. Sai ta girgiza kai. Ashe ba su yi wata guda ba biyu suka mutu. Gidan da aka sauke su ya cika da mutane, ba ta da ko sakainar da za ta zuba musu ruwa, sai suka koma shan ruwan kwata tare da kajin maƙwabta. Kajin da suka tsira daga masu bindiga, rashin kasko ya kashe su. Tun ranar nake ta tunanin abin nan da muka raina, daga ina ya faro, yaya kakanninmu suka yi da shi, kuma me ya canza.

Mu fara da ita kazar kanta. Zabo ɗan gida ne, a nan Afirka Allah ya halicce shi, shi ya sa har gobe bai gama yarda da mutum ba. Kaza kuwa baƙuwa ce. Masu binciken tarihi ta hanyar tonon ƙasa sun nuna cewa asalinta tsuntsuwar daji ce a kudu maso gabashin nahiyar Asiya, wajen ƙasar Tailan da maƙwabtanta. Hatsin da manoma ke shukawa shi ya jawo ta kusa da mutane, yau fiye da shekara 3,000 ke nan. Daga can fatake da matafiya suka yi ta gaba da ita. A nan Afirka ta Yamma an tono ƙasusuwanta a kufan tsohon garin Jenne da ke ƙasar Mali, waɗanda suka haura shekara 1,000 a binne. Kun ga tun farkonta hatsi ta biyo. Da ta iso ƙasar Hausa kuwa, ina hatsi yake zuba? Gindin turmi. Wa ke gindin turmi? Mace. Haka kaza ta zama dukiyar mata tun ba a rubuta ba.

Marubutan tarihin Gobir sun ba mu labarin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Sun gaya mana Sarkin Gobir Babari ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, a bakin gulbin Rima. Sun gaya mana ƙarfin Bawa Jan Gwarzo, da yadda birnin ya faɗi hannun masu jihadi a shekarar 1808 zamanin Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya baro Tsibiri ya kafa Sabon Birni. Ku lura da wani abu a nan: duk wannan labari na tashi ne da sake zama. Kowace ƙaura aka yi, mata sun ɗauki kaji a kwando kamar yadda baiwar Allahn nan ta ɗauka, sun kuma sake neman abin da za su zuba musu ruwa a sabon wuri. Wanda ya taɓa taka kufai ya san abin da ya fi yawa a ƙasa shi ne tsingaro. Labarin kasko yana nan cikin wannan tsingaron da kuma bakin tsofaffi, ni ma a wurin kakata na ji nawa.

A zamaninsu ba a sayen mazubin kaji a kasuwa. In tukunya ta fashe, babban ɓarin ya zama na suyar gyaɗa ko na ɗibar wuta, matsakaicin ya zama na kaji. In ƙwarya ta tsage har ta fi ƙarfin ɗinki, sakainar ta koma bayan ɗaki. Tsohon akushi, gindin turmin da ya rube, ɓarin kwatarniya, duk ba a yar da su. Amma kada ku ɗauka jefar da shi kawai ake yi a tsakar gida. Akwai ilminsa. Kakata takan tona ɗan rami a inuwar rumbu ta dasa kaskon har bakinsa ya kusa daidai da ƙasa, don kada akuya ta yi fatali da shi, kuma sanyin ƙasa ya riƙe ruwan. In kaza ta yi ƙyanƙyasa sai ta zuba tsakuwa cikin kaskon, ruwa ya riƙa leƙowa tsakanin duwatsun. Ɗan tsako ya hau ya sha ya sauka, bai nutse ba, bai jiƙe ba. Takan ce, "Ɗan tsako in ya jiƙe da hunturu, ki yi mai ta'aziyya."

Akwai kuma wadda ta fi wannan, wato tukunya mai tagogi. Mai ginin tukwane takan huda ƙofofi uku ko huɗu a kafaɗar tukunyar tun yumɓu yana ɗanye, kowace ƙofa daidai shigar kan kaza, sannan a gasa. A zuba ruwa har ƙasan ƙofofin, a rufe bakin da wani kasko. Kaza ta zura kai ta sha, amma ba ta iya shiga da ƙafa, ba ta iya yin kashi a ciki, rana ba ta dukan ruwan, akuya kuma sai kallo. Ana samun irin wannan tukunya a wurare da dama na Afirka ta Yamma, har yau ba ta ɓace ba. In kin duba da kyau, duk abin da masu kamfani suka zo suna sayar mana daga baya, wannan dabarar ce suka zuba cikin roba.

Ta wajen abinci kuwa, kazar da can ita ke kiwon kanta. Ta tona juji, ta bi fara da tsutsa, ta tsinci abin da ya zuba wajen sussuka da sheƙa da bakace. Abin da uwargida ke ƙara mata shi ne dusa, da tsakin da ya rage a faifai bayan tankaɗe, da ruwan ƙasari in an wanke gero. Manyan kaji a watsa musu a ƙasa. 'Yan tsaki su ake zuba wa a sakaina, a kife musu kwando mai faɗin ido yadda za su shiga su ci manya ba su kore su ba, shirwa ma ba ta sure su ba. Sai wata dabarar da 'yan matan yanzu da yawa ba su sani ba, wato tarkon gara. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, a yayyafa ruwa, a sa yaro ya kai ya kife ta a bakin suri da yamma. Da safe ya ɗauko ta cike da gara a zazzage wa 'yan tsaki. Abin da malaman gona ke kira abinci mai gina jiki, wanda yanzu ake saye da tsada cikin buhu, da tsohuwar tukunya ake samo shi kyauta.

Me ya sa mata suka ba abin nan muhimmanci haka? Domin macen da ke cikin kulle ba ta zuwa gona, ba ta zuwa kasuwa, amma addini ya ba ta ikon mallakar abinta, miji ba shi da hurumi a kai sai da yardarta. Kaza ita ce dukiyar da ke rayuwa cikin katanga huɗu ba ta nemi makiyayi ba. Kwana 21 take kwanci ta ƙyanƙyashe. In aka sa mata ƙwan zabo ta ƙara mako guda ta fito da 'yan zabi. A tara kaji a sayi akuya, a tara awaki a sayi karsana. Da yawa daga cikin kwanukan jeren da ke ɗakunan iyayenmu, in aka bi asalinsu, daga akurki suka fito. Baƙo ya zo a yanka, an yi haihuwa a yanka wa mai jego, yaro ba lafiya a aika da zakara kasuwa a sayo magani.

To sai zamani ya juya. Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Tsakanin 1906 da 1908 su da Faransawa suka ja iyaka, Tsibiri ta faɗa wancan ɓangare, Sabon Birni da Isa suka faɗo wannan. A 1929 hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙaura Namoda, daga nan kayan kanti suka riƙa hawowa ta Shinkafi suna shigowa ƙasarmu. Cikin kayan nan akwai garwar kananzir mai cin galan huɗu, da gwangwanaye, da kwanukan ƙarfe masu fenti. Ba don kaji aka kawo su ba, amma kun san halinmu, abin da ya ƙare aikinsa a ɗaki bayan ɗaki yake komawa. Maƙeran da ke ƙera fitilar aci-balbal da gwangwani su ne suka riƙa tsaga garwa gida biyu a tsaye, su lanƙwashe bakin, ta zama ɗan komin zuba dusa.

Da gwangwani ne kuma wata sabuwar dabara ta yaɗu, wadda har yau muna yin ta. A samu babban gwangwani, a huda ƙananan ƙofofi biyu kusa da bakinsa da ƙusa, a cika shi da ruwa, a rufe da faranti mai ɗan zurfi, sannan a juya shi da sauri. Ruwa zai fito cikin farantin ya tsaya daidai inda hudar take. Yara kan ɗauka sihiri ne. Ba sihiri ba ne. Ruwan ciki ba ya iya fita sai iska ta samu hanyar shiga ta maye gurbinsa. Muddin ruwan faranti ya rufe hudar, iska ba ta da ƙofa, sai komai ya tsaya. Da kaji sun sha ruwan ya ja baya, hudar ta buɗe, iska ta shiga, kin ji ɓul-ɓul, wani ruwan ya sauko. Amfaninsa shi ne ruwan da ke jira yana rufe, ƙura da kashi ba su taɓa shi.

Sai dai ƙarfe ya zo da nasa aibin. Yana tsatsa, bakinsa yana yanke zankon zakara da yatsun yara, kuma ba ya jure rana. Ƙasarmu kun san ta, a watannin Maris, Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yakan haura 40. Ruwan gwangwani kafin azahar ya zama kamar na wankan jego. Kaza kuwa ba ta gumi. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, kuma ruwan jikinta ne ke fita cikin hakin nan. Babbar kaza takan sha wajen rubu'in lita a wuni, da bazara ya kusa ninkawa. In ruwan ya yi zafi ba ta sha sosai, in ba ta sha ba ba ta ci, in ba ta ci ba ƙwai ya tsaya, domin shi ƙwai kusan kashi uku cikin huɗu nasa ruwa ne. Da yawa cikinmu mun zargi maƙwabciya da baki ko maye a kan kazar da ta daina ƙwai, alhali gwangwani ne a rana.

Yumɓu kuwa yana tsattsafo da ruwa ta jikinsa, iska ta busa, abin da ke ciki ya yi sanyi, kamar dai randar ɗakinki. Wannan tsohon ilmi ne wani malami daga Jihar Jigawa, marigayi Muhammad Bah Abba, ya ɗauka ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu kyautar Rolex ta duniya a shekarar 2000. Abin da kakanninmu ke yi wa kaji a gindin rumbu, shi duniya ta tafa wa.

Mu dawo ga tarihinmu. Farin 1973 ya kashe shanu da tumaki ba adadi a ƙasar nan da ta Nijar. Gidaje da yawa da kaji da 'yan awaki suka sake tada kiwo. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Sakkwato, gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, ana kiran kowa ya yi lambu ya kuma kiwata kaji a bayan gida. A shekarun nan ne kajin gidan gona, waɗanda muke kira 'yan agirik, suka yawaita, tare da abincinsu na buhu da mazubansu na kanti, na ƙarfe da na roba ja da fari. Su waɗannan kaji ba su iya tono ba, ba su san shirwa ba, komai sai an kawo musu gabansu. A nan mata suka fara gane cewa abinci in na kuɗi ne, watsa shi a ƙasa asara ce. Kaza tana tona da ƙafa, tana watsi da baki, mai yawa ya bi ƙasa, ɓera da tsuntsaye su ƙarasa.

Ba a daɗe ba kuma abin ya fi ƙarfin talaka. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta faɗi, abincin kaji da kayan kanti suka yi tsada, gidajen gona da dama suka rufe. A 1987 Maryam Babangida ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara, aka yi ta kafa ƙungiyoyin mata ana koyar da sana'o'i. Amma macen da ke cikin kulle a Isa ko Gatawa ko Kurawa ba kullum taro ke isa gare ta ba. Abin da ya iso ta shi ne roba. Jarkar man gyaɗa, bokitin fenti, tsohuwar buta, gorar ruwa, baho da ya tsage. Ta kalli mazubin kanti a gidan wata mai hali, ta dawo ta ɗora wuƙa a wuta ta yanka wa jarka tagogi. Ba ta sani ba, tukunyar kakarta ce ta sake ginawa. Roba ba ta fashewa, ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, tana wankuwa tas. Aibinta shi ne ita ma tana ɗumama ruwa, gansakuka na kama ta in rana na ratsa ta, kuma ba kowace jarka ce aka san abin da ta taɓa ɗauka ba.

Shekarar 2006 ta koya mana darasin da ba mu manta ba. A watan Fabrairu aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata gonar kaji a Jaji ta Jihar Kaduna, karo na farko ke nan a duk Afirka. Kafin watan ya ƙare ta ɓulla a Magarya cikin Jamhuriyar Nijar. Aka yi ta kashe kaji ana binnewa, gwamnati ta ce za ta biya naira 250 kan kowace kaza. Ta sake dawowa a 2015. A lokacin ne likitocin dabbobi suka yi ta jan kunne a kan abin da muke gani ba komai ba: buɗaɗɗen kasko a tsakar gida, wanda kaza ta sha, agwagwa ta yi wanka, tantabara ta sauka, tsuntsun daji ma ya tsoma baki. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura suna cikin masu ɗauko cutar daga nesa, mu kuma ga mu a bakin fadamun Rima da Bunsuru.

Amma wadda ta fi yi mana ɓarna shekara da shekaru ba ita ba ce. Annobar nan ce ta hunturu, da kaza za ta takure, ta saki fukafukai, ta yi zawo kore, wuyanta ya murɗe, cikin mako guda akurki ya zama wayam. Likitoci na kiran ta Niyukasul, sunan wani gari a Ingila, an kuma fara gane ta a 1926. Tana bin kashi da majinar kazar da ta kamu, kuma ba inda waɗannan ke haɗuwa kamar cikin ruwan sha. Kaza guda mara lafiya ta tsoma baki, duk wadda ta biyo baya ta ɗauka. Iyayenmu kan jiƙa ɓawon maɗaci ko barkono ko gautan kaji a cikin kaskon. Mu kuma muka koma fasa kafso mai ja da rawaya muna zubawa. Gaskiyar magana, 'yan uwa, wannan cuta in ta shiga ba ta da magani, kafso ba ya kashe irin ƙwayarta, kuɗinki kawai kike zubarwa. Rigakafi take da shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke can tun 1924, tana yin irin wanda ke jure zafi, ana ɗiga shi a idon kaza, a maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ki sa maigida ko babban yaro ya tambaya a ofishin likitan dabbobi tun kafin iskar hunturu ta taso.

Akwai darasi na biyu daga maƙwabtanmu na Zamfara, waɗanda jiha ɗaya muke da su har 1996. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sanadiyyar dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Kafin yara su fara mutuwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara ƙarewa, ba wanda ya gane gargaɗi ne. Na kawo wannan ne domin na sha ganin an fasa tsohon batirin mota an mai da kwankwansa mazubin ruwan kaji, don yana da nauyi ba ya kifewa. Wannan dalmar dai ita ce a cikin batir. Tana shiga jikin kaza, tana shiga ƙwai, ƙwan kuma ɗanki ne zai ci. Haka jarkar maganin feshi da ta fiya-fiya, ko an wanke ta sau goma kada ta kusanci kajinki. In ba ki san abin da jarka ta taɓa ɗauka ba, ki bar ta.

Yanzu mun iso shekarun da ba sai na ba ku labari ba, ku ne kuka gan su. Daga 2019 dubban mutanenmu suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi neman mafaka. A watan Mayu na 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Isa da Sabon Birni, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. A watan Agusta na 2024 Sarkin Gobir na Gatawa ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A cikin wannan hali saniya ta zama abin da ke jawo wa gida bala'i, mai garke ya wayi gari ba ko igiya. Kaza kuwa ba ta buƙatar a kai ta kara. Yaro ya rungume ta ya zaga unguwa, ko dillaliya ta shigo har ɗaki, a samu na awo. Tsanin nan da iyayenmu ke hawa daga kaza zuwa akuya zuwa saniya, an sare samansa, matakin ƙasa ne ya rage a gidaje da yawa. Shi ya sa mutuwar kaza biyu ta sa dattijuwar nan hawaye.

To me za mu ɗauka daga wannan tafiya, daga kasko zuwa garwa zuwa jarka? Kowanne akwai abin da ya iya. Da bazara ki koma wa yumɓu, in akwai mai ginin tukwane kusa ki aika ta gina miki mai tagogi. In roba gare ki, ki nemi jarkar da man girki ya ƙare a ciki, ki wanke, ki yanka tagogi daidai kan kaza, ki naɗe ta da jiƙaƙƙen buhun algarara ki ajiye a inuwa. Ki ɗora ta kan bulo ko dutse yadda bakin ruwan zai zo daidai gadon bayan kaza, don kada ta tona ƙasa ta zuba ciki. Na 'yan tsaki daban, gwangwani ko gora a kife kan faranti, da tsakuwa a ciki, ƙarƙashin kwando. Mazubin dusa kada ki cika shi, rabi ya isa, in kin rataye shi da igiya ya fi, kuma ki ɗauke shi da dare saboda ɓera. Jiƙaƙƙiyar dusa kada ta kwana, tana tsami tana yin fumfuna.

Kowace safiya ki zubar da ruwan jiya, ki goge mazubin da toka da soson da kika ware masa shi kaɗai, ba na kwanukan abinci ba, sannan ki zuba ruwan da ke kanki za ki iya sha. Ki wanke hannu da sabulu bayan kin gama, ki kuma hana masu rarrafe wasa a wurin. Agwagi su samu nasu can gefe. Kazar da kika ga ta takure ki ware ta da nata kaskon. Wadda aka sayo daga kasuwa ko aka kawo miki kyauta, ki ɗaure ta daban mako biyu kafin ta haɗa baki da naki. Duk wannan ba ya cin ko kwabo, sai dai kula.

Ita baiwar Allahn da na ba ku labari, da na koma na tarar maƙwabciyarta ta ba ta ɓarin kwatarniya, ta dasa shi a inuwar katanga ta zuba tsakuwa. Kazar da ta rage ta yi kwanci ta fito da tara, bakwai sun rayu. Ta ce in Allah ya kai mu kaka akuya take so.

Kafin in yi sallama ina da roƙo. Zamanin Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis ne ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka da ba su iya fitowa. Yau cikin unguwanninmu akwai baƙi da suka baro gidajensu ba rediyo, ba tukunya, ba komai. Wadda ta ji wannan shiri ta gaya wa wadda ba ta ji ba. In kina da tsohon kasko ko jarkar da ba ki amfani da ita, ki aika wa baƙuwar da aka sauke kusa da ke, wataƙila ita ma da kwando ta iso.

Allah ya albarkaci abin da muke kiwo, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.